Lasisin Najeriya a Birtaniya: atomatik ko mai giya?

Tambaya: Malam, aikin jinya ya kawo ni Manchester wata huɗu ke nan, kuma ina da lasisin tuƙi na Najeriya. Za a musanya mini shi da na nan? Idan sai na yi gwaji, da atomatik zan yi ko da mai giyar hannu?

Amsa: 'Yar'uwa, maganar musanya ki cire rai. Hukumar ba da lasisin tuƙi ta Birtaniya, wato DVLA da ke Swansea, tana da jerin ƙasashen da take karɓar lasisinsu ta ba da nata ba tare da gwaji ba, irin su Kanada, Japan, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Najeriya ba ta ciki, haka Nijar da Gana. Abin da doka ta ba ki shi ne tuƙi da na gida har wata 12 daga ranar da kika fara zama a ƙasar, kin ga saura miki takwas. Lasisin ƙasa da ƙasa da wasu ke taƙama da shi ba ya ƙara ko kwana ɗaya.

Saboda haka ki nemi lasisin ɗan koyo, sai jarrabawar kwamfuta mai tambaya 50 da ake son ki ci 43, haɗe da bidiyon hango haɗari, sannan gwajin kan titi. Samun ranar gwajin nan kan ɗauki watanni, kada ki yi sanya. Wa'adin wata 12 ɗin na cika ba ki ci ba, kin koma 'yar koyo: jan harafin L gaba da bayan mota, kuma dole mai cikakken lasisi ya zauna a gefenki.

Sai batun giya. Wanda ya ci da mai giya zai tuƙa kowace. Wanda ya ci da atomatik, za a buga masa lamba 78 a bayan kati, kuma haramun ne ya ja mai kuloci sai ya sake gwaji. Shi ya sa mazanmu na can za su ce miki manuwal ce lasisin gaske. Ni ban bi su ba. A Birtaniya sitiyari yana dama, giya kuma hannun hagu ke sa ta. Ki ƙaddara kin iso shataletale mai layi uku, ana yayyafi, mai gwaji na kallon ko kin duba madubi, ke kuma hannunki na dama yana laluben giya a jikin ƙofa. Idan dama atomatik kike ja a gida, ki tsaya a kanta. Motocin lantarki ma duk ba su da kuloci. Mai giya ta fi dacewa da wanda ƙafarsa ta riga ta saba, ko mai neman aikin kai kaya da motar kamfani.

Tambaya: Ƙanina ya taso daga Kanada da lasisin can. Shi fa?

Amsa: Shi zai musanya, da fom ɗin neman lasisi mai suna D1, cikin shekara 5 da fara zamansa, duk da cewa tuƙi da na Kanadan wata 12 ne shi ma. Amma na atomatik za a ba shi, sai in ya kawo takardar da ta nuna da mai giya ya ci gwajinsa. Ya nemo ta daga lardin da ya ba shi lasisin kafin ya aika fom.