Katantanwar da ta fito daga rijiya: ta teku ce ko ta tafki?

Tambaya: Malam, muna haƙa rijiya a Kusiri ta ƙasar Kamaru sai muka tarar da ƙananan katantanwa farare cikin yumɓu. Wani ya ce alamar teku ce. Yaya ake ganewa? Daga wani mai karatu a Kusiri.

Amsa: Malam, mafi rinjaye naka na tafki ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ya malale har kan Kusiri da Injamena, kuma tudun yashin da ya miƙe daga Bama ta Limani zuwa Yagwa tsohuwar gaɓarsa ce. Katantanwar wancan zamani ba ta da nauyi, tana marmashewa kamar alli. Wadda aka fi tonowa ita ce Melanoides, siririya mai tsini, tsawonta santimita 2 zuwa 3.

Ta teku kuwa ta girme ta nesa ba kusa ba. Shekara miliyan 90 da ɗoriya baya, teku ya shigo ta kwarin Binuwai, ya bar dutsen farar ƙasa a wajajen Yola da Ashaka. Ta can ta zama dutse, da nauyi a hannu. Amma babbar shaida ita ce maƙwabtanta: in akwai amonayit a dutsen, to teku ne. Amonayit wata halittar teku ce mai ɓawo da ta ƙare tun tuni, ba dodon koɗi ba ne. Naɗinsa a kwance yake kamar gammo, cikinsa ɗaki-ɗaki.

Wajen siffantawa, ka riƙe ta tsini sama, baki na kallonka. Yawancinsu bakin yana dama. In yana hagu ka rubuta, don ire-irensu kaɗan ne, kamar Bulinus mai ɗaukar cutar tsargiya. Ka ƙirga naɗi, ka auna tsawo da fāɗi da milimita, ka duba ko jikin sumul ne ko da ƙuraje, ko layukan suna bin naɗi ko suna ratsa shi. Bakin nan shi ne rabin aiki: zagayayye ne, ko ya zarce ƙasa kamar indararo? Indararo ya fi yawa a na teku.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ɓawon kansa ya narke tun tuni, abin da ya rage laka ce da ta cika cikinsa ta daskare. Za ka ga rata tsakanin naɗi da naɗi, ba ado ko ɗaya. Irin wannan kada a yi gaggawar laƙaba mata suna.

Don Allah kada a wanke da ruwan batir ko lemun tsami, suna cinye ɓawon. Kada a jiƙa wadda ke cikin yumɓu, yakan kumbura ya tsage ta. A bari ta bushe a inuwa, a share da tsohon buroshin haƙori, a naɗe da takarda, a rubuta gari, zurfin da aka same ta da ranar.