Filin Tambaya da Amsa: Sunayen 'Yan Dambe a Turanci

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina bibiyar labarin damben zamani a jaridun Turanci, kuma nakan ga ana kiran ɗan dambe boxer, wani lokaci pugilist, wani lokaci kuma southpaw. Ina roƙon Malam ya fayyace mini ma'anonin waɗannan kalmomi da asalinsu. Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Boxer ita ce kalmar da kowa yake amfani da ita, kuma ta fito ne daga box, wadda tun ƙarni na 14 take nufin naushi ko mari. Ƙamusoshi suna raba ta da box mai nufin akwati, domin wannan ta biyun ta samo asali ne daga sunan wani itace a Girkanci da Latin, wanda ake sassaƙa ƙananan akwatuna da shi.

Ita kuwa pugilist aro ce daga Latin, inda pugil yake nufin ɗan dambe, pugnus kuma dunƙulallen hannu, kuma daga wannan tushe ne aka samu pugnacious, wato mai neman faɗa. Ma'anarta ɗaya da boxer, sai dai Turanci yana da ɗabi'ar ajiye kalma biyu ga abu guda, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta littafi. A yau 'yan jarida ne suka fi ɗauko ta, ko don gudun maimaici ko don ɗan barkwanci, saboda haka shawarata ita ce ka gane ta idan ka gan ta, amma ka riƙe boxer a maganarka da rubutunka.

Southpaw shi ne bahago. South kudu ce, paw kuma dagi ne, irin na zaki ko kyanwa. Akwai labarin da ya yaɗu cewa daga wasan besbol na Amurka ta fito, wai saboda yadda ake shimfiɗa filin, hannun hagun mai jefa ƙwallo kudu yake kallo. Labarin yana da daɗin ji, amma an samu kalmar a rubuce tun farkon ƙarni na 19, kafin wasan ya kafu.

Tunda ka taɓo wannan fanni, bari in ƙara maka kalmar ring, wadda take rikitar da mutane, domin ma'anarta zobe ko da'ira, alhali dandalin da muke gani a talabijin mai kusurwa huɗu ne. Dalili shi ne a Ingila ta dā 'yan kallo ne suke kewaye 'yan dambe a fili, kamar yadda ake yi a damben gargajiya na ƙasar Hausa, su kuma suna gwabzawa da hannu tsirara. Wani ɗan damben Ingila mai suna Jack Broughton ne ya fara tsara ƙa'idoji a 1743, sannan dokokin Queensberry na 1867 suka kawo safar hannu, da turmi na minti 3, da ƙirga 10 ga wanda ya faɗi. Siffar dandalin ta sauya, sunan ya zauna. A zamanin damben hannu tsirara akan ja layi a tsakiyar fili, ana kiransa scratch, kuma duk wanda ya kasa tashi ya taka shi cikin lokaci, an cinye shi. Daga nan ake danganta furucin up to scratch, wato abin da ya kai matsayin da ake buƙata.

Sunayen ajin nauyi ma suna da nasu tarihin. Bantamweight, mai iyakar kilo 53.5, ya samo suna daga wasu ƙananan kaji masu zafin faɗa da Turawa suka laƙaba wa sunan Bantam, tashar jiragen ruwa a tsibirin Jaba na Indonesiya. Featherweight kuwa nauyin gashin tsuntsu ke nan, iyakarsa kilo 57, kuma a wannan aji ne Hogan Bassey ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun duniya, a birnin Faris a 1957.