Tambaya da Amsa: Shin Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro Yana Warkar da Hapis?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙuraje masu ruwa suna fito mini a leɓe duk lokacin da na yi zazzaɓi, kuma likita ya ce cutar hapis ce. Na ji an ce masana sun gano maganin zazzaɓin cizon sauro yana kashe ta. Shin zan iya sha domin in rabu da ita? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar tana da tushe, amma ba ta kai inda aka kai ta ba. Dangin hapis da ke kama ɗan Adam guda 8 ne, ciki har da mai fito miki a leɓe, da mai haddasa ƙarambau, da wadda ake kira CMV, mai tsananta wa waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana. Mafi yawan binciken a kan CMV aka yi shi, da maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna artesunate, wanda asalinsa sinadarin artemisinin ne da Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace daga ganyen tazargade a 1972. A ɗakin gwaje-gwaje an ga yana hana ƙwayar cutar hayayyafa, kuma ana ganin yana toshe hanyoyin da take bi ne a cikin ƙwayar halittar mutum, shi ya sa aka sa rai zai yi aiki inda ganciclovir, maganin da aka saba ba masu CMV, ya gaza. A 2008 likitoci a Isra'ila sun ba da rahoton wani yaro da aka yi wa dashen ɓargo, wanda cutar CMV ta ragu a jininsa bayan an ba shi maganin, sai dai waɗanda aka gwada wa daga baya wasu sun amfana, wasu ba su amfana ba.

Game da ƙurajen leɓenki kuwa, zazzaɓin ne yake tayar da ƙwayar daga jijiyar da take kwance, kuma babu maganin da ke fitar da ita daga can har yanzu. Abin da aka tabbatar shi ne magungunan acyclovir da valacyclovir suna rage kwanakin ciwon, musamman idan aka fara su tun leɓen yana ƙaiƙayi kafin ƙurji ya ɓullo.

Ina roƙonki kada ki sha maganin maleriya sai gwaji ya nuna kina da ita, domin tuni aka samu ƙwayar maleriya da ta fara jure wa artemisinin a Kambodiya, da Ruwanda, da Uganda, alhali shi ne ƙashin bayan maganin da ake ceto yara da shi.