Batirina Ya Daina Riƙe Caji, In Ƙara Masa Asid?

Tambaya: Assalamu alaikum. Batirin inbatana mai ruwa ne, bolt 12, shekararsa ɗaya da rabi. A da yana kai mu asuba, yanzu kafin sha ɗayan dare ya mutu. Wani mai caji ya ce in kawo a ƙara masa asid. Ya kuka gani?
Mai karatu daga Gwammaja.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yarda, asid ɗinka bai je ko'ina ba.

Cikin batirin an raba shi gida shida ne, kowanne na ba da kusan bolt 2.1. A kowane gida akwai faranti iri biyu: mai launin makuba, wato dalma haɗe da oksijin, da mai launin toka, dalma zalla. Dukkansu suna jiƙe cikin asid ɗin salfa da aka sirka da ruwa. Idan kana jan wuta, asid ɗin yana shiga jikin farantan ya zama wani farin gishiri, ruwan ya tsinke. Caji ne ke narkar da gishirin ya mayar da asid wurinsa. Amma idan batir ya yi kwanaki bai cika ba, kamar yadda ake fama da ƙarancin wuta a Kano, gishirin sai ya daskare, caji ya kasa ɓamɓare shi. Ka zuba sabon asid a kan haka, mita za ta nuna ƙarfi na ɗan lokaci, farantan kuwa su ci gaba da cinyewa.

Abin da ke raguwa ruwa ne kawai. Caji mai yawa yana raba shi ya fita a iskar haidirojin da oksijin, zafin Afrilu kuma ya ƙara ƙafar da shi. Haidirojin na kama wuta, don haka ban da ashana ko taba a kusa.

Ka duba kowane gida. In faranti ya fito fili, zuba tataccen ruwan batir marar asid har ya rufe shi. Ruwan famfo da na burtsatse suna da ƙarfe da gishiri masu lalata faranti. Ka yi caji ya cika, ka cire wayoyi ya huta awa huɗu, sannan ka auna da mita: bolt 12.6 lafiya lau, 12.2 rabin caji ne. Idan ya tsaya wajen 10.5, gida ɗaya ya mutu, sai dai sabon batir.