Ƙamshin da ba ya barin tufafi: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, akwai ruwan tausasa tufafi da nake ɗauraye kaya da shi. Riga sai ta yi sati biyu a akwati, amma ina saka ta ƙamshi ya tashi kamar yau aka wanke. Wane irin turare ne wannan?

Amsa: Hajiya, ba ƙarfi turaren ya fi na da ba, ɓoye shi aka yi. Ana raba man turare ɗigo-ɗigo, a lulluɓe kowane ɗigo da ɓawo siriri. Yawancin ƙwayoyin nan ba su kai kaurin silin gashi ba. Wajen ɗauraya sai su maƙale a zaren tufa. Idan kaya sun bushe ɓawon ya yi rauni, to da kin saka rigar, hannu ya gogi gefen jiki ko kin zauna kin tashi, sai wasu su fashe turaren ya fita. Sauran suna nan suna jiran wata gogar.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma ba don turare aka fara ta ba. Barrett Green, masanin sinadarai a kamfanin NCR na Amurka, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1950 don takardar rasit mai fitar da kwafi ba tare da kabon ba. Da jelatin da ƙaro ya yi nasa ɓawon. Na kayan wanki a yau galibi dangin roba ne, irin su melamin da fomaldehaid ko poliyuriya.

Tambaya: Tun da muka sauya sabulun wanki maigida yake fama da ƙaiƙayi a wuya da hamata da ƙugu. Sabulun ne?

Amsa: Yana iya yiwuwa, 'yar'uwa, domin wuraren da kika lissafa nan ne tufa ta fi gogar fata, nan ne kuma gumi ke taruwa. Amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Ƙurajen zafi, makero, da turaren hamata da yake fesawa kai tsaye duk sun fi sabulun wanki yawan jawo irin wannan.

Idan turaren ne, ga yadda abin yake. Wasu sinadaran ƙamshi, kamar limonin da linalul, idan suka daɗe suna shan iska sukan rikiɗe su koma abin da fatar wasu ba ta so. Kuma ƙin ba ya bayyana nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa mutane ba sa haɗa ƙaiƙayin da rigar shekaranjiya. A da, ruwan ɗauraya yakan tafi da mafi yawan turaren. Yanzu da gangan aka tsara shi ya zauna, har cikin zanen gado, fata na gogarsa dare da rana. Ni a wajena nan ne matsalar take ga mai fata mai saurin kamuwa.

Ki koma sabulu marar turare kwata-kwata na sati uku ko huɗu, ki sake wanke kayansa da zannuwan gado fiye da sau ɗaya, don wanki guda ba ya kwashe ƙwayoyin. Idan bai lafa ba, ya ga likitan fata. Akwai gwajin da ake manna sinadarai a gadon baya na awa 48, a cire, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Tambaya: Ina da asma. In guji kayan wanki masu irin wannan turare?

Amsa: Idan ƙamshi na sa ka tari ko ƙirji ya riƙe, Malam, ka guje shi, musamman a rigar matashi da bargo. Idan ba ya yi maka komai, babu dalili.

Tambaya: Na ji an ce akwai fomaldehaid a ciki, kuma yana kawo cutar kansa. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne cewa hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa fomaldehaid cikin abubuwan da ke kawo kansa, tun 2004. Sai dai hujjar ta fito ne daga ma'aikatan da suka shekara suna shaƙarsa a wajen aiki. Wanda ke cikin ɓawon ya riga ya haɗe ya zama roba, abin da ya rage a sake kaɗan ne ƙwarai. Ban ga abin tayar da hankali ba a nan.

Inda ɓawon ya sha suka shi ne muhalli, don ba ya ruɓewa, yana bin ruwan wanki ya tafi. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita ƙananan ɓarɓashin roba, ta ba masu lulluɓe turare wa'adi zuwa Oktoban 2029 su sauya. Kamfanoni suna ta neman ɓawo mai ruɓewa.

Tambaya: Zan iya wanke kayan jariri da kayan wanki masu irin wannan turare?

Amsa: Gara ki bari. Fatar jariri siririya ce, kuma bakinsa kullum yana kan wuyan riga ko gefen zane. Ruwan tausasa tufafi ma yana rage wa tawul da nafkin shan ruwa. Ƙwayoyin ƙamshin nan masu launi da ake zubawa a injin wanki kuwa, ki ɗaga su sama, don yaro alewa yake gani. Idan ya haɗiya kada ki sa shi amai. Ki goge masa baki, ki ɗauki robar ku tafi asibiti.