Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Allurar B12 Take Ja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jinya a Katsina. Ana yi wa kakata allurar bitamin B12, ruwan ja wur, har ta ce ita ba ta yarda ba, jinin mutane ake ɗura mata. Da gaske daga jini ake haɗa ta? Kuma wa ya gano yadda sinadarin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, ko ɗigon jini babu a ciki. Bakteriya ake kiwo a manyan tankuna su samar da shi, domin dabba da tsiro ba sa iya ƙera B12. Amma fa idon tsohuwa bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, akwai 'yan uwantaka.

Abin da ke sa jini ja wani zobe ne da ake kira fofirin: ƙananan zobba huɗu, kowanne haɗe da maƙwabcinsa ta gadar kabon, sun rungume ƙwayar zarrar ƙarfe a tsakiya. Shi ma B12 zobe gare shi mai kama da wannan, sai dai wani ƙarfe daban mai suna kobalt ne zaune a tsakiyarsa, kuma daga nan jansa ya fito.

Wadda ta fara ganin wannan siffa ita ce Dorothy Hodgkin ta Jami'ar Oxford. A Alƙahira aka haife ta a 1910, mahaifinta kuma ya jagoranci harkar ilimi a Sudan. Tun 1926 likitoci biyu a Amurka, Minot da Murphy, suka nuna cewa ciyar da hanta mai yawa kullum na ceto masu wani mugun ƙarancin jini da a da ba a tashi daga gare shi. Sai a 1948 aka tace abin da ke cikin hantar, wato B12, ya fito a matsayin jajayen kiristal. A shekarar ne Lester Smith na kamfanin Glaxo ya miƙa wa Hodgkin kaɗan daga ciki.

Aikinta shi ne ta haska eksire a kan kiristal ɗin, hasken ya watsu ya bar ɗige-ɗige a jikin fim, sannan a bi ɗigon nan dubbai da lissafi har a gane mazaunin kowace zarra. B12 na da zarra kusan 180, abin da masana da yawa suka ɗauka ya fi ƙarfin wannan hanya. Kenneth Trueblood da ke Los Angeles ya taimaka da wata kwamfuta ta farko-farko mai suna SWAC, ana aika lissafi ta wasiƙa da talgiram. Zuwa 1956 siffar ta kammala.

Ga inda ni nake jinjina mata. Duk wanda ya san zoben jini zai yi tsammanin fofirin zai tarar. Lissafin kuwa ya nuna zobba biyu sun manne kai tsaye, gada ɗaya babu. Ba a taɓa ganin irinsa ba, amma ta bi abin da ɗigon ya nuna, ba abin da aka saba ba. Wannan zoben shi ne korin. A 1961 ita da Galen Lenhert suka ƙara gano cewa a nau'in da jiki ke aiki da shi, kobalt ɗin na haɗe kai tsaye da kabon, abin da ba a san da shi a cikin halitta ba sai lokacin.

Taswirarta ce Woodward a Harvard da Eschenmoser a Zurich suka bi, da mataimaka kusan 100, suka haɗa B12 a ɗakin gwaji a 1972.

Labarin kyautar Nobel ta 1964 a Gana ya same ta, inda mijinta Thomas Hodgkin ke shugabantar Cibiyar Nazarin Afirka a Legon. Ita ce mace ta uku da ta ci ta a fannin kimiyyar sinadarai. Duk da ciwon gaɓɓai da ya lanƙwashe mata yatsu tun tana matashiya, a 1969 ta warware siffar insulin, aikin da ta fara fiye da shekara 30 kafin nan.