Amsa ga ɗan'uwan da ya faɗi zaɓe: a ci gaba da siyasa ko a haƙura?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce ka tsaya takara a zaɓen da ya wuce ba ka kai labari ba, abin hannunka ya ƙare, jama'ar da ke cika maka ƙofar gida sun watse, kuma kana so ka ji daga waɗanda suka taɓa shiga wannan hali ko akwai amfanin mutum ya ci gaba da siyasa bayan ya sha kaye. Ina yi maka jaje tukuna, domin na san ɗacin abin. Na taɓa tsayawa takarar kansila na faɗi, kuma kafin nan da bayan nan na yi wa wasu 'yan takara aiki a rumfunan zaɓe da wuraren tattara sakamako, wasu suka ci, wasu suka faɗi. Amsata ita ce akwai amfani mai yawa, amma da sharaɗin ka raba abubuwa biyu da mutane suka saba haɗawa wuri ɗaya, wato ci gaba da siyasa da kuma sake tsayawa takara. Na farkon ina ba ka shawarar ka riƙe shi. Na biyun kuwa sai lissafi ya nuna.

Kada ka yanke hukunci a cikin waɗannan makonnin. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru, waɗanda suke kiran ka da sunan kujerar tun kafin a kaɗa ƙuri'a sun koma bayan wanda ya ci, kuma a irin wannan yanayi duk abin da mutum ya furta a bainar jama'a, ko na barin siyasa ko na zargin wasu da cin amana, yakan dawo ya ɗaure shi daga baya. Waɗanda suka watse ba dukansu ne maciya amana ba. Da yawansu 'yan a bi Yarima a sha kiɗa ne tun asali, wasu kuma talakawa ne da ke da buƙata a hannun duk wanda ke kan kujera, ba su da ƙarfin yin gaba da shi. Ka lura da 'yan ƙalilan ɗin da har yanzu suke zuwa gaishe ka alhali ba abin da za ka ba su, domin da su ake gina duk abin da zai biyo baya.

Akwai wata dukiya da wanda ya faɗi zaɓe yake fita da ita, wadda na ga mutane da yawa suna watsar da ita saboda ɓacin rai, ita ce takardun sakamako na kowace rumfa. Kafin zaɓe, abin da ka sani game da farin jininka shi ne abin da magoya baya suka gaya maka, kuma magoya baya ba sa kawo wa ɗan takara labarin da zai ɓata masa rai. Yanzu kuwa kana da alƙaluma. Ka tara takardun da wakilanka suka sa wa hannu, ka zauna da mutum biyu ko uku masu gaya maka gaskiya, ku bi su rumfa bayan rumfa. Za ka ga wurin da aka yi maka gagarumin gangami amma ƙuri'arka ba ta taka kara ta karya ba, za ka ga wurin da ba ka taɓa leƙawa ba amma wani bawan Allah ya tsaya maka aka zaɓe ka, za ka ga rumfar da wakilinka bai je ba ko ya tashi kafin a gama ƙidaya, za ka kuma ga yawan waɗanda suka yi rajista amma ba su fito ba, wanda a wurare da yawa ya fi ratar da ke tsakaninka da wanda ya ci. Lokacin da na yi wannan zama bayan tawa faɗuwar, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yawan waɗanda suka zauna a gida ya zarce ƙuri'un kowannenmu. A nan ne na gane cewa aikin da ya rage ya fi wanda aka riga aka yi yawa. Ka tuna kuma cewa kowace lamba a takardar nan mutum ce da ta bar harkokinta, ta bi layi, ta dangwala maka, kuma buƙatun da suka sa ta zaɓe ka suna nan ba su gushe ba don an sanar da sunan wani.

Na san za a kawo maka labaran waɗanda suka faɗi sau da yawa kafin su ci, kuma labaran gaskiya ne. Abdoulaye Wade na Senegal ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 1978 da 1983 da 1988 da 1993 kafin ya ci a 2000. Mahamadou Issoufou na Nijar ya nema a 1993 da 1996 da 1999 da 2004, bai samu ba sai a 2011. Muhammadu Buhari ya faɗi a 2003 da 2007 da 2011, ya ci a 2015. Hakainde Hichilema na Zambiya ya faɗi sau 5, har aka tsare shi na kimanin wata 4 a 2017 bisa zargin cin amanar ƙasa, sannan ya ci a 2021 da ratar ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Sai dai yawanci ana ba da waɗannan labarai kamar naci kaɗai ne ya kai su, alhali idan ka duba da kyau za ka ga kowannensu ya canza wani abu babba. Buhari ya samu ƙuri'a kimanin miliyan 12 a 2011, amma kusan duka daga yanki ɗaya, a ƙasar da tsarin mulkinta ya wajabta wa ɗan takarar shugaban ƙasa samun aƙalla kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Abin da ya sauya lissafin shi ne haɗewar da jam'iyyarsa ta CPC ta yi da jam'iyyun ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA a 2013 aka kafa APC. Wade ya kayar da shugaba mai ci Abdou Diouf ne a zagaye na biyu bayan Moustapha Niasse, wanda ya zo na uku a zagayen farko, ya mara masa baya, haka Issoufou ya ci a zagaye na biyu da goyon bayan Hama Amadou, wanda shi ma ya yi takara a zagayen farko. Lula na Brazil, bayan ya faɗi a 1989 da 1994 da 1998, ya ɗauki attajirin masana'antar tufafi José Alencar a matsayin mataimaki a 2002 domin ya kwantar da hankalin waɗanda ke tsoronsa. Dukansu sun yi amfani da shekarun faɗuwa wajen gano waɗanda ba su zaɓe su ba da dalilin ƙin zaɓen nasu, sannan suka je suka same su. Wanda ya koma da irin shirin da ya kayar da shi, da mutanen nan dai, da saƙon nan dai, bai kamata ya sa ran sakamako daban ba.

Ya kamata kuma a faɗi ɗaya ɓangaren, domin a kan kowane mutum ɗaya da ya dawo ya ci akwai ɗimbin da suka yi ta nema har ƙarfinsu ya ƙare, kuma su ba a cika ba da labarinsu ba. Shi ya sa ba na son ka rataya amfanin siyasarka a kan cin kujera kaɗai. Malam Aminu Kano ya shafe mafi yawan rayuwarsa a ɓangaren adawa tun daga jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, ya nemi shugabancin Nijeriya a 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP bai samu ba, ya rasu a 1983. Amma a wannan zaɓe na 1979 jam'iyyarsa ta ci gwamnonin Kano da Kaduna, kuma Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, abin da ya daɗe yana fafutika a kai. Raila Odinga na Kenya ya nemi shugabancin ƙasa sau 5 bai samu ba, amma ba za a rubuta tarihin yaƙin neman dimokuraɗiyyar jam'iyyu da yawa a ƙasar, ko na sabon tsarin mulkin 2010, a tsallake sunansa ba. A ganina wannan ne ma'aunin da ya fi dacewa: idan abin da ya shigar da kai siyasa ya tabbata, ko da ta hannun wani ne, za ka ji ka ci riba? Idan amsarka e ce, to kana da dalilin zama. Idan kuwa kujerar ce kawai buƙatarka, babu laifi a cikin son kujera, amma shekarun jira za su yi maka nauyi ƙwarai, kuma gara ka san haka tun yanzu.

Shi aikin da ake yi tsakanin zaɓe da zaɓe ba shi da armashi, kuma wannan ne ya sa fagen yake zama babu kowa. Ana yin tarukan jam'iyya na gunduma da mutane ƙalilan, a nan ake zaɓen shugabanni da wakilan da gobe za su yanke hukunci a zaɓen fid da gwani, amma 'yan takara da yawa ba sa tunawa da waɗannan mutane sai saura 'yan watanni, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai taimaka wa matasan da suka kai shekarun zaɓe su yi rajista. Akwai horar da wakilan rumfa su san dokar zaɓe, su san abin da za su sa wa hannu da abin da za su ƙi. Akwai kuma bibiyar wanda ya ci: ka ajiye alƙawuran da ya yi a rubuce, ka nemi kasafin kuɗi ka karanta, ka ga abin da aka ware wa mazaɓarku, ka je ka duba ko an yi, ka yaba inda aka yi, ka yi magana da hujja inda ba a yi ba. Na ga yadda takarda ɗaya mai ɗauke da sa hannun mazauna unguwa, wadda wanda ya faɗi zaɓe ya jagoranci rubutawa, ta sa aka koma kan aikin da aka yi watsi da shi. Mai mulkin da ya san akwai wanda ke ƙirga masa yakan yi taka-tsantsan, kuma jama'a ne ke cin moriyar wannan, har da waɗanda ba su zaɓe ka ba. Su ma suna kallo, kuma suna bambance wanda ke zuwa lokacin neman ƙuri'a kawai da wanda suke gani a kowane lokaci.

Game da kotu, idan kana da hujjar maguɗi a rubuce kuma lauya mai gaskiya ya ce ƙararka tana da ƙarfi, haƙƙinka ne, kuma wani lokaci tana yin tasiri: Kotun Ƙolin Kenya ta soke zaɓen shugaban ƙasa a 2017, kotun Malawi ta soke na 2019, aka sake shi a 2020 ɗan adawa Lazarus Chakwera ya ci. Amma irin wannan hukunci ba shi da yawa, shari'a kuma tana cin kuɗi da lokaci. Nana Akufo-Addo na Ghana ya kai ƙara kan zaɓen 2012, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2013 ba yadda ya so ba, ya ce bai gamsu ba amma ya amince, ya koma fage ya ci a 2016. Sauya sheƙa kuwa ba na ba ka shawararta a cikin fushi, domin wanda ya koma jam'iyyar da ta kayar da shi makonni kaɗan bayan zaɓe yakan zama baƙo a can, amintattunsa na nan kuma su ji ya sayar da su.

Abin da ya fi damuna a cikin tambayarka shi ne maganar kuɗi. Idan akwai bashi a kanka, shi ne farkon abin da za ka fuskanta, kafin taro, kafin tunanin wata takara. Ka je wurin masu bin ka da ƙafarka, ku tsara yadda za a biya, ka koma kan sana'arka ko aikinka da gaske. Ɗan siyasar da ba shi da hanyar cin abinci sai siyasa ba ya iya cewa a'a ga ubangida, kuma daga nan ne mutanen kirki da yawa suka fara rasa mutuncinsu. Ka zauna da iyalinka ka saurare su, domin su ma sun sha zagi da gori da rashin ganinka a gida, kuma suna da haƙƙin a tambaye su kafin a sake jefa su cikin wannan hali. Na san mutanen da suka duba lafiyarsu da halin gidansu suka ce ba za su sake takara ba, suka ci gaba da zama dattawan jam'iyya masu horar da matasa da sasanta rigingimu, kuma ban taɓa ganin hakan ya rage musu daraja ba. Wasu ma sukan ɗauki manufarsu su fita da ita daga fagen zaɓe baki ɗaya, kamar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da ya faɗi a 1980, ya kafa cibiyarsa a 1982, ta jagoranci yaƙi da cutar kurkunu daga masu kamuwa kimanin miliyan 3.5 a 1986 zuwa ƙasa da mutum 20 a shekara.

Saboda haka ga abin da zan ce ka yi a yanzu. Ka huta, ka kewaya ka yi wa waɗanda suka yi maka wahala godiya ɗaya bayan ɗaya, musamman wakilan rumfa da suka kwana a wurin ƙidaya, domin su ne aka fi mantawa da su. Ka taya wanda ya ci murna idan ba kotu za ka je ba. Ka tara takardun sakamakonka, ka halarci taron jam'iyya na gaba a gundumarku ko da mutum goma ne a wurin. Maganar sake tsayawa ka ajiye ta har sai ka biya bashinka kuma ka iya faɗin, rumfa bayan rumfa, inda ƙuri'un da suka rage maka za su fito. Idan ka tara takardun kana son mu duba su tare, ka yi mini magana. Allah ya mayar maka da alheri.